Takalmin Baƙon Ɗaki na Shida

Shekaru da yawa baya, tun ƙasar nan ba ta karɓi 'yancinta ba, mahaifina yana da masaukin baƙi a Zangon Kumasi. Ɗaki takwas ne a jere masu rufin kwano, duk suna kallon tsakar gida ɗaya, sai zaure a gaba inda yake wuni. Yawancin baƙinmu fataken goro ne. Su gangaro daga arewa da shanu ko albasa su sauka wurinmu, mahaifina ya nemo musu mai saye, ya nemo musu goro mai kyau, ya ajiye musu kuɗinsu, in ciniki ya faɗa ya ɗauki la'adarsa. Ƙananan matafiya kuwa sisi suke biya a kwana.

Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ni kaɗai ce mace a lungunmu da ke zuwa makarantar boko. Kada ku ɗauka wayo ne ya kai ni. Kakata, wadda aka sa mini sunanta, ita ta ce tunda bakina ba ya aiki, a kai ni inda ake aiki da hannu. Gaskiyarta ne. Malamin ajinmu ya yi kusan wata biyu yana zaton bebiya ce ni. Amma abin da na rasa a baki an ba ni a ido. Na san wane baƙo ne ke ɗingishi da ƙafar hagu, na san wanda yake ɓoye kuɗi a cikin hula, na san yawan ramukan da ke kwanon zaurenmu domin na ƙirga su ranar da aka yi ruwa.

Mahaifina bai iya boko ba, kuma lissafinsa bai taɓa ɓacewa ba. A kan wani katako a zaure akwai gwangwanaye, kowane ɗaki da nasa. Kullum bayan la'asar zai ɗebo tsakuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk ɗakin da ke da baƙo ya jefa masa guda. Ranar da baƙo zai tashi, sai su zauna su biyu a kan tabarma, a zazzage gwangwanin a ƙirga kwanaki, a fito da ajiyarsa a ƙirga a gabansa, a cire abin cirewa. Daga nan mahaifina ya ce, "Na sallame ka, in na ci maka wani abu ka yafe mini." Baƙo shi ma ya ce ya yafe, a shafa fatiha. Sai an yi wannan ne mutum ya tashi daga gidanmu. In ba a yi ba, ko ya kai Salaga, a wurin mahaifina yana nan.

Gwangwani bakwai ne a kan katakon. A gurbin na shida tulu ne, a ƙasa, domin katakon ba zai iya ɗaukarsa ba.

A shekarar ne aka fito da sabuwar doka. Ban da lampo, harajin kai da kowane magidanci yake biya, aka ce duk mai saukar da baƙi sai ya yanki lasin, ya ajiye littafin rajista, a riƙa yanka masa haraji bisa abin da masaukin yake kawowa. Aka kawo mana littafin, babba mai baƙin bango, kowane shafi an tsaga shi gida-gida: sunan baƙo, ɗakinsa, ranar sauka, kwanakin da ya yi, abin da ya biya, ranar tashi. Mahaifina ya juya shi sama da ƙasa, ya sansana, ya miƙo mini.

"Uwata, ga aikinki ya zo." Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa da nake ɗauke da shi.

Daga ranar, yana jefa tsakuwa ina ja masa kara ɗaya da tawada a layin kowane baƙo. Ɗaki na ɗaya, ƙwal, in ja. Na biyu, ƙwal, in ja. In ya zo kan tulun sai ya sunkuya, tsakuwar ta faɗa ba ƙara, domin tulun ya kusa cika, ya ce, "Na shida yana nan." In ja.

Matsalar ita ce ban taɓa ganin baƙon ɗaki na shida ba. Na tashi na tarar da ɗakin haka, kamar yadda na tarar da rijiya da bishiyar mangwaro, ban taɓa tambaya ba. A bakin ƙofarsa akwai jajayen takalman fata, kawunansu suna kallon ciki, yadda mutum yake barinsu in ya shiga. Gefe kuma buta. Kullum da safe Kaka takan share ɗakin, ta ɗaga takalman ta share ƙarƙashinsu ta mayar yadda suke, ta cika butar. Abin da na lura da shi, wanda ban gaya wa kowa ba, shi ne kullum butar a rabi take samunta. Na taɓa ɗaga ta na duba gindinta ko tana yoyo. Ƙasan a bushe yake.

Sai da na fara ja wa mutumin kara da hannuna abin ya fara damuna. Wata safiya na bi Kaka da tsintsiya, na yi ta zagaye har ta gaji da ni.

"Takwara, in magana ce ki haife ta, kin tsaya mini a kai kamar bashi."

"Kaka, wane ne a ciki?"

Ta ci gaba da shara. Ta ce wani bafatake ne, mutumin kirki marar hayaniya, ya sauka wurinmu ina goye. Ya sayar da shanunsa ya ba mahaifina kuɗin ajiya, ya ce zai shiga ƙauyukan kurmi ya duba goro da idonsa, kwana huɗu zai yi. Damina ce, sai ya sa takalmin taya, ya bar na fatar ya ce na Juma'a ne, kada laka ta ɓata su. Shekara goma sha ɗaya ke nan. An bi sawu, an tambayi direbobi, an aika arewa, ba wanda ya san garinsu takamaimai, ba wanda ya ga gawa.

"To ai ya mutu, Kaka."

"Ke kika wanke shi?" Ta miƙe ta dafa ƙugu. "Mutum ya ce a ajiye masa ɗaki zai dawo. Ba a sallame shi ba. Matsa in wuce."

"Ruwan butar fa?"

Ta dube ni da kyau, irin duban da ake yi wa yaron da ya ga abin da ba a so ya gani. Ta ce, "Rana ce take sha." Butar kuwa a inuwa take.

Wata uku da buɗe littafin, ranar wata Litinin, akawun haraji ya zo dubawa. Ba'asante ne dogo, da gajeren wando da doguwar safa, da fensir a bayan kunne. Ya iya Hausa irin ta kasuwa, wadda mace da namiji duk "kai" ne. Mahaifina ya sa aka kawo masa kujera da goro. Ni ina rakuɓe a bayan ƙofa, aka ce in fito tunda ni ce mai rubutun.

Ya yi ta buɗa shafuka yana gyaɗa kai. "Kai ne ka rubuta? Hannu mai kyau." Na sunkuyar da kai kamar an zage ni. Can sai yatsansa ya tsaya.

"Maigida, wannan mutum na ɗaki shida. Wata uku ya kwana, bai biya ko kwabo. La'ada babu, kuɗin ɗaki babu. Ɗan'uwanka ne?"

"Baƙona ne."

"Kira shi."

"Ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

"Ya ce kwana huɗu."

"Yaushe ya faɗa?"

Mahaifina ya gaya masa. Akawun ya yi dariya, ya duba ko wani zai taya shi, ba wanda ya taya shi. Sai ya miƙe ya ce a nuna masa ɗakin. Muka bi shi tsakar gida. Rana tsaka ce, baƙi duk sun tafi kasuwa, gidan shiru in ban da kaji. Ya tsaya a kan takalman ya daɗe yana kallo, fatar tana ƙyalli domin Kaka takan shafa musu man kaɗe. Ya taɓa butar da ƙafa, ruwa ya motsa a ciki. Ya kai hannu zai ɗaga asabarin ƙofar, Kaka ta yi gyaran murya daga bakin murhu.

"Ɗan nan, a garinku haka ake faɗa wa mutane ɗaki?"

Ya janye hannun. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Agoo," yadda suke neman izinin shiga. Muka yi shiru muna jira, har da mahaifina, kamar da gaske za a amsa. Ba a amsa ba. Amma ni da nake kallon ƙasa kamar kullum, na ga gindin asabarin ya ɗan matso waje ya koma, sau ɗaya, kamar an yi numfashi a bayansa. Ganyen mangwaro ko ɗaya bai motsa ba.

Ya leƙa. Tabarma a shimfiɗe, farar riga a rataye a ƙusa, jakar fata a kusurwa, ƙasa fes. Ya fito yana goge wuya da hankici.

"Maigida, ni na ga ɗakuna da yawa. Ɗakin da babu mutum, warinsa daban. Wannan ɗaki mutum yana kwana ciki." Muka koma zaure ya zauna. Ya ce shi ba ya son rigima, amma littafi ba ya karɓar irin wannan magana. In ya kai shi ofis haka, za a ce mahaifina yana karɓar kuɗi a ɓoye yana hana hukuma rabonta, a karɓe lasin a rufe masaukin. Hanya biyu ce: ko a kawo baƙon ya faɗa da bakinsa cewa kyauta yake zaune, ko a cika gidan nan na ƙarshe, ranar tashi, a rufe layin. "Rana ɗaya kawai. Ka ce yarinya ya rubuta. Litinin mai zuwa ina dawowa."

Mahaifina ya ce, "Ku yanka mini harajin ɗakin, ko nawa ne zan biya."

"Ba a yanka haraji a kan babu, Maigida."

"Ni kuma ba na cewa mutum ya tashi alhali ban sallame shi ba. Kuɗinsa na cikin akwatina."

Akawun ya mayar da fensir bayan kunne, ya ce, "Yoo," wato "to" a bakinsu, ya tafi. Goron ma bai ɗauka ba.

Lokacin kuwa kakar goro ta kawo kai, watannin da muke samun abincin shekara. Makon nan gidanmu ya zama wani iri. Na ji mahaifiyata, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, tana cewa daga cikin ɗaki, "Malam, mutum goma sha ɗaya ke ci a gidan nan. Za ka rufe ƙofa a kan rayayyu saboda takalmi?" Ya ce, "In na rubuta ƙarya a kan baƙo ɗaya, da wane ido zan karɓi ajiyar sauran?" Da yamma na ga ta rage awon shinkafa da gwangwani ɗaya, tun ba a rufe komai ba. Shi kuma kullum bayan la'asar ya sunkuya kan tulu ya ce, "Na shida yana nan," ni kuma in ja kara.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta hadari ya haɗu. Mahaifina yana tashar mota wurin lodin goro, mata suna can ciki, Kaka tana kwance da zazzaɓi. Ana idar da azahar ruwa ya sauko, irin ruwan Kumasi da in ya hau kwano ko kiran sunanka ba ka ji. Ina zaune ni kaɗai a zaure, akwatin littafin yana gabana, mabuɗin yana wuyana domin ni aka ba riƙo.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba. Awon shinkafar nan ne ya tsaya mini a rai. Na buɗe littafin, na tsoma alƙalami, na nemo layin ɗaki na shida, na bi shi da yatsa har gidan ƙarshe. Na so in ƙirƙiro wata tsohuwar rana, kaina ya ƙi kawo ko ɗaya. Ko ƙaryar ma ban iya mai nisa ba. Sai na rubuta kwanan watan ranar da muke ciki, na danna takardar shan tawada a kai.

Da na ɗago, ta ƙofar zaure ina hango ɗakin ta cikin ruwa, da jajayen takalman a ƙarƙashin rumfa. Sai na ji kunya ta kama ni, irin kunyar wanda ya wuce babba bai gaishe shi ba. Sau ɗari na ji yadda mahaifina yake yi, kuma na san ba a tashin baƙo da alƙalami kawai. Na miƙe na tsaya a bakin zaure, na rusuna kaɗan, na ce a hankali, "Baba, mun sallame ka. In mun ci maka wani abu ka yafe mana. Allah ya kiyaye hanya."

Ni kaina ban ji muryata ba saboda ruwan. Na rufe littafin, na cusa takardar shan tawadar a cikin littafin lissafina na makaranta. Da la'asar mahaifina ya dawo a jiƙe, ya jefa tsakuwoyinsa, ya ce na shida yana nan. Na kai alƙalami kusa da takarda na motsa hannu, ban bari ya taɓa ba.

Washegari Juma'a na fito da sassafe zan ɗebi ruwa. Ban yi niyyar dubawa ba, idona ne ya saba. Takalman suna nan a wurinsu, a haɗe, amma kawunansu suna kallon waje.

Na tsaya da guga a hannu har sai da Kaka ta fito tana dafa bango, zazzaɓin ya ɗan sake ta. Ta zo da ruwanta za ta cika buta kamar kullum. Ta ɗaga butar, ta jijjiga, ta ajiye. A cike take har baki. Sai ta ga takalman. Ta tambayi matan gida ko wani ya yi shara jiya, aka ce ba wanda ya je wurin, ruwa ya hana. Ta tambayi baƙin ɗaki na biyar da na bakwai, suka ce su ko kusa. Ba ta tambaye ni ba, ai ni ba a tambayata komai. Ta dai tsaya tana kallon ƙofar, ta ce, ba da kowa take ba, "Wa ya tashi baƙon nan?"

Ba ta juya takalman ba. Ba ta ƙara taɓa su ba. Ni kuwa kwana uku na kasa cin abinci, aka ce zazzaɓin Kaka ne na ɗauka.

Ranar Litinin mahaifina ya yi wanka ya sa babbar rigarsa. Ya ciro lasin daga bango da kansa, ya goge ƙurar gilashin da ke rufe da shi, ya ajiye a kan tabarma a gabansa, ya zauna yana jira. Akawun ya zo, ya ga lasin a ƙasa. Na miƙa masa littafin. Ya buɗe, yatsansa ya bi layin har ƙarshe. Ya dube ni, ya dubi mahaifina, ya sake dubana. Ina jin ya gane, domin ya daɗe.

"Yoo. Ya tashi ranar Alhamis. Maigida, ka ga abu ya yi sauƙi." Ya ciro fensir ya rubuta a gidan biya cewa baƙon gida ne, ba a karɓi komai ba. Ya buga hatimi, ya yanka mana harajin sauran ɗakuna bakwai, ya ɗauki goro biyu wannan karon, ya fita da sauri kamar mai gudun kada a kira shi.

Mahaifina bai motsa ba sai da ƙarar takalminsa ta ɓace.

"Uwata, kawo littafin."

Na kawo. Ya buɗe shafin da kansa, ya ɗora yatsa daidai kan rubutuna.

"Ban iya karatunku ba. Amma wata uku ina kallon wurin nan, fari ne."

Na sunkuyar da kai. Sai hawaye. Na jira mari, ko da yake bai taɓa marina ba. Ya rufe littafin a hankali, ya mayar da lasin bango, ya shiga gida. Da la'asar ya bi gwangwanayensa, ya zo kan tulun ya sunkuya da tsakuwa a hannu. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya miƙe ya sa ta a aljihu. Kwana goma sha biyu bayan haka yana gaishe ni ina gaishe shi, amma bai ƙara ce mini Uwata ba. Sunana yake kira, sunan mahaifiyarsa da bakinsa bai saba furtawa ba. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi, ina zaure ina jan layuka a sabon shafi, wani dattijo ya yi sallama. Siriri ne, rigarsa duk jar ƙasar hanya, takalminsa ɗaya an ɗaure shi da igiya. Ya ce shi limami ne a wani ƙaramin zango cikin ƙauyukan koko can yamma, kwana biyu yana yawo a Kumasi yana neman masauki mai ɗaki takwas da mangwaro a tsakar gida. Aka ba shi ruwa ya sha. Ni aka manta da ni a kusurwa, kamar kullum.

Ya ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce, manoma sun tsinci wani mutum a bakin rafi da rauni a ka. Ya warke, amma bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Da yake da Hausa yake magana, sai aka kawo shi zango. Ya zauna a masallacinsu yana shara yana cika butoci, ba ya cuta wa kowa. Kullum da yamma yakan tsaya a bakin hanya, in an tambaye shi ya ce akwai inda ake jiransa, amma ya manta ko ina ne. Bana ya kwanta ciwo, wata uku yana shan wuya, har mutane suna cewa ransa ya ƙi fita kamar an riƙe shi.

"Ranar Alhamis, ba ta makon jiya ba, ta wancan makon," in ji limamin, "bayan azahar, ana ruwa, ina zaune kusa da shi. Sai ya tashi zaune da kansa, idonsa tar. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya ce, Liman, an sallame ni."

Alƙalamin ya faɗi daga hannuna, tawada ta ɓata shafin. Ba wanda ya waiwayo.

Limamin ya ci gaba. Mutumin ya kwatanta masa gidanmu, ya faɗi adadin kuɗin da ya bari, ya ce a kai wa ƙanwarsa a Salaga, ya faɗi unguwa da sunan mijinta. Ya ce a cire kuɗin ɗaki, ya san ya daɗe. Ya ce yana da takalmin Juma'a a bakin ƙofa, a ba wanda ya kawo saƙo. Kafin la'asar ya cika.

Mahaifina ya yi salati a hankali. Ya tashi ya buɗe akwatinsa ya fito da wata tsohuwar jaka, ya ƙirga a gaban limamin. Adadin bai kuskure da ko sule ɗaya ba.

"Saura abu ɗaya, ban gane shi ba, amma amana ce sai in faɗa," in ji limamin. "Ya ce a gaya wa yarinyar ya ji, ya yafe, ya kuma gode. Na ce wace yarinya, bai amsa ba. Ko 'yarsa ce?"

A nan ne mahaifina ya juyo ya dube ni. Kaka ma tana bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zo ba. Ban taɓa gaya wa kowa na yi magana ranar nan ba. Rubutun kaɗai suka sani.

"Me kika ce masa?" in ji mahaifina.

Na maimaita, kalma bayan kalma. Ina jin ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa ji daga bakina. Ya daɗe yana kallon tulun. Sai ya ce, kamar da kansa yake, "Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da bawan Allah, ina ganin kirki nake yi masa."

Ya sa aka kinkimo tulun aka zazzage a tsakar gida, tsakuwa ta yi tsibi. Limamin ya ce a ƙirga a cire kuɗin ɗaki kamar yadda mamacin ya ce. Mahaifina ya ce ba zai ƙirga ba, ya yafe. Aka shafa fatiha. Sannan aka kai dattijon bakin ɗaki na shida. Ya kwance igiyar tsohon takalminsa, ya zura ƙafa a jajayen nan ba tare da ya juya su ba, tunda dama waje suke kallo. Suka yi masa daidai. Na bi su da ido suna taka tsakar gidanmu, suka ratsa zaure, suka fita.

Da la'asar mahaifina ya ɗora sabon gwangwani a gurbin na shida, ya ce, "Uwata, ɗauko littafinki."

Na daɗe ina tambayar kaina ko alƙalamina ne ya kashe mutumin nan. Na taɓa tambayar Kaka, ta ce, "Ke da ko kaza ba kya iya kora? Kwanansa ne ya ƙare." Na yarda da ita, kuma na san rai a hannun Allah yake. Butar ma wataƙila wani baƙo ne yake alwala da ita a ɓoye duk shekarun nan, takalman kuma wataƙila ruwa ne ya juya su, ko da yake ban taɓa ganin ruwan da ke juya takalmi biyu ya jera su ba. Na gwada wa kaina waɗannan bayanai duka, suna riƙe ni na kwana biyu su sake ni.

Daga baya aikin da na yi ke nan har na tsufa, riƙe wa masu masauki littattafansu da shirya musu takardun haraji. Yanzu ma ina da 'yan ɗakuna a unguwar Ayigya da nake ba ɗalibai haya. Jikokina suna yi mini dariya, wai ɗalibi zai kwashe kayansa ya aiko da mabuɗi, ni kuma in ƙi rufe layinsa sai an kira mini shi a waya na ce na sallame shi, ya ce ya yafe. Wani yaro har cewa ya yi, "Hajiya, me kika yi mini da zan yafe?" Na ce kai dai faɗa.

Kuma har yau, in na bi ta gaban ɗakunan da safe na ga takalmi a bakin ƙofa, ba na wucewa sai na duba ina kawunansu suke kallo.